Hamidu Mai Famfo da Kaskar da Ta Ƙi Mutuwa

Hamidu mutumin Garu ne, amma a karar shanun Illela aka san shi. Ya zo garin yana saurayi, bayan gonar mahaifinsu ta yi wa 'yan'uwa bakwai kaɗan, ya shiga cikin masu kama shanu ranar kasuwa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne dabba ba ta firgita a hannunsa. Bijimin da ya gagari mutum uku, sai Hamidu ya zagaya ta gefensa, ya dafa masa tozo, ya yi ta yi masa wani ɗan sauti da harshe har ya tsaya cik. Daga nan sai ya durƙusa ya shiga cire masa kaska, a kunne, a ƙarƙashin wutsiya, a tsakanin cinyoyi, yana jefa su cikin garwashi. Ya san yadda ake murɗa kaska ta fito da kanta, don in kan ya karye a cikin fata, wurin sai ya kumbura ya zama gyambo.

Matarsa Raliya 'yar wani malamin allo ce na garin Amarawa. Ta sauke Alƙur'ani tun a gidansu, tana kuma karanta ajami ba tare da gargada ba. Shi kuwa Hamidu karatunsa bai wuce na salla ba, bai kuma taɓa jin kunyar miƙa mata takarda ta karanta masa ba.

Shekara guda bayan an sami mulkin kai, aka turo wani malamin dabbobi Illela, Malam Mukhtari. Ya zo da famfon feshi irin wanda ake goyawa a baya, da manyan gwangwanaye na wani magani mai ƙarfin wari, wanda in an zuba shi a ruwa sai ruwan ya yi fari kamar nono. Yana bukatar lebura ɗaya da zai riƙa fesa wa shanu. Ya tsaya a kara kasuwa biyu yana kallon masu kama shanu, a ta uku ya kira Hamidu.

Kwana huɗu ya yi yana koya masa. Gwangwanin madara ɗaya na magani a garwa guda ta ruwa, ba ƙari ba ragi. A motsa da sanda, ba da hannu ba. A ba iska baya. Kada a fesa wa ƙananan maruƙa, kada a fesa wa dabbar da ta kwaso ƙishirwa, don za ta lashe jikinta. Da ya gane Hamidu ba ya karatun boko, sai ya zauna ya rubuta masa duk wannan da ajami a bayan wata takardar ofis, har da abin da za a yi in maganin ya taɓa mutum. Hamidu ya kai gida, Raliya ta karanta masa sau biyu, ta naɗe takardar ta sa cikin gafakarta.

Feshin farko da ya yi, garken wani falke ne mai shirin kora shanunsa kudu. Kwana biyu bayan nan aka iske kaska zube a ƙarƙashin shanun, ta bushe ta ƙanƙance, kai ka ce an kakkaɓe magarya. Mutumin da kan wuni a kan sa biyar yana cirewa da farce, sai ga shi yana gama garke guda kafin azahar. Labari ya bazu. Fulani suka riƙa zuwa daga gefen tafkin Kalmalo, wasu ma daga ƙetaren iyaka wajen Ƙonni, suna tambayar inda mai famfo yake. Tun daga nan sunan ya bi shi.

Damina uku aka yi haka. A ta huɗu abu ya canza. Hamidu ne ya fara lura. Ya fesa wa wasu shanu ranar Lahadi, ran Laraba ya bi ta wurinsu, ya ɗaga wutsiyar wata saniya, ya ga kaska zaune daram, ta cika da jini tana sheƙi. Ya ɗauka ruwan sama ne ya wanke maganin. Ya sake fesawa. Wasu suka zube, da yawa suka tsaya.

Ya gaya wa Malam Mukhtari. Malam ya bi shi ya gani da idonsa, ya tsinci kaska kamar talatin masu rai ya zuba a kwalba, ya toshe bakinta da auduga, ya ce zai aika wa manyan likitocin dabbobi can wajen Jos.

"Kafin amsa ta zo, kada ka ƙara ma'auni," in ji shi. "Ko wa ya roƙe ka."

Bayan kwana kaɗan aka kira Malam rangadin yi wa shanu allurar ciwon bushiya a ƙauyukan gabas, zai yi wajen wata guda. Ya bar wa Hamidu mabuɗin ɗakin magani.

Mutane kuwa ba su jira amsar Jos ba, sun riga sun samo tasu. Aka fara cewa Hamidu yana tsinka maganin da ruwa, yana sayar da saura a ƙetare. Ba wanda ya faɗa masa a fuska, amma in ya shigo rumfar dillalai sai hira ta tsaya. Mutumin da bai taɓa ɗaukar ko igiyar wani ba, abin ya ci shi ƙwarai. Ya rage cin abinci. Raliya ta tambaye shi, ya ce zafi ne.

Ana cikin haka Ardo Almu ya zo. Dattijon Bafillace ne da ke mashekari kusa da Kalmalo, ya san Hamidu tun yana kama shanu, sau da yawa yakan aiko masa da man shanu in an yi salla. Ya same shi a ƙofar ɗakin magani, suka gaisa, ya zauna a kan dutse.

"Hamidu, kaska ta cinye min hantsar shanu huɗu. Kirci ya kama bakwai. Sau biyu ka fesa, ba ta ko motsa ba."

"Na sani, Ardo. Ba naka kaɗai ba ne."

"Ni ban yarda da abin da mutane ka faɗi ba," in ji Ardo, yana kallon ƙasa. "Amma ɗiyana sun fara yarda. Ka zo gobe, ka haɗa gaban idonsu, ka zuba da yawa su gani. In magani ya yi rauni, ai ƙara shi aka yi."

Hamidu ya tuna maganar Malam. Ya kuma tuna yadda hira ke tsayawa a rumfar dillalai.

"Ina zuwa," ya ce.

Washegari da hantsi ya isa mashekarin, jaki na ɗauke da famfo da garwa. Rana ce irin ta tsakiyar damina wadda hadari ya taru bai zubo ba, iska ta tsaya, gumi na tsiyaya ko mutum yana zaune. 'Ya'yan Ardo, magidanta uku, suka kewaye shi. Ya auna gwangwani ɗaya ya zuba, ya ɗaga kai ya ga idanunsu. Ya zuba na biyu. Ya zuba na uku. Ya nemi sandar motsawa ya ga ya baro ta a gida, kuma bai so su ga kamar yana jan lokaci, sai ya naɗe hannun riga ya zura hannunsa har gwiwa ya gauraya.

Ya fesa wa manyan shanu talatin da 'yan kai. Tun a garwa ta biyu murfin famfon ya fara yoyo, ruwan maganin na bin bayansa yana jiƙa riga da wando, shi kuwa ya ɗauka gumi ne. Da ya gama, babban ɗan Ardo ya nuna masa maruƙa tara da ke ɗaure a igiya.

"Waɗanga fa? Su ma kunnuwansu cike suke."

"Ba a fesa wa ƙanana."

"Ɗan kaɗan dai. Tunda ka zo."

Hamidu ya gaji, kansa ya fara sarawa, yana son ya tafi. Ya bi su da feshi sama-sama, ya ɗaure kayansa ya kamo hanya.

Kafin ya kai rabin hanya ya yi amai sau biyu. Leɓɓansa suka yi nauyi, kamar ba nasa ba. Ya riƙa ganin hanyar tana karkacewa. Jakin ne ya san gida ya kawo shi, shi dai yana riƙe da akumari yana jan ƙafa. Ana kiran azahar ya shigo zaure, ya buɗe baki zai yi sallama, sai ya yanke jiki ya faɗi, hannuwa da ƙafafu suna fizga.

Maƙwabcinsu Lukmanu tela, wanda ke ɗinki a rumfar da ke kallon zauren, shi ya fara isowa, ya kira mutane. Kafin Raliya ta yafa zane ta fito, zauren ya cika. Wani ya ce farfaɗiya ce. Wani ya ce ya bi ta bakin tafki da tsakar rana, iskokin wurin ne. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu, Inna Hindatu, ta shigo da ƙwaryar nono da ɗan man shanu a ludayi.

"Ku ɗaga kainai a ɗura mai. In guba ce, nono ka kashe ta."

Raliya ta durƙusa kusa da mijinta. Ba ta bukaci a gaya mata komai ba, warin da ke tashi daga rigarsa ya isa. Ta taɓa bayan rigar ta ji ta jiƙe sharkaf. Ta miƙa hannu ta tare ƙwaryar.

"Inna, ki yi haƙuri, ba a ba shi nono."

"Mi kika sani, ɗiyata? Tun ba a haife ki ba nike ba mutane."

"Wanga magani ba irin wancan ba ne. Malam ya rubuta, na karanta. Nono da mai su ka ƙara tura shi cikin jiki. Kuma mutum na fizga ba a ɗura mai komi, sai ya shaƙe." Ta juya wajen mazan. "Malam Lukmanu, don Allah ku ɗauke shi ku shigo da shi tsakar gida. A tuɓe mai kayan nan duka. Ruwa nika so, da yawa."

Ba wanda ya taɓa jin muryar Raliya a zaure kafin ranar. Wataƙila shi ya sa ba a yi mata gardama ba. Maza huɗu suka ɗauke shi zuwa bakin magudana, suka yage rigar da wandon, suka rufa masa zane, suka kwantar da shi a kan gefensa kamar yadda ta ce. Ta ɗauko sabulun salo ta shiga wanke shi, baya, wuya, gashin kai, hannun nan na dama har cikin farce, tana sheƙa ruwa tana sake sabawa. Randarta ta ƙare. Inna Hindatu ta ajiye ƙwaryar nonon a gefe, ta fita, sai ga ta da tulunta a ka, matan unguwa na biye da ita kowacce da nata.

Fizgar ta lafa. Hamidu ya buɗe ido, bai san inda yake ba. Bakinsa na motsi. Raliya ta kai kunne.

"Maruƙa," ya ce. "Na Ardo. Na fesa musu."

Ta ɗaga kai ta nemi Lukmanu. "Malam Lukmanu, kekenka na nan? Ka tahi mashekarin Ardo Almu. Ka ce a wanke maruƙan da sabulu yanzu, a kai su inuwa, kada su lashi juna. Manyan ma a sheƙa musu ruwa. Amma ba cikin tafki ba, a ɗebo ruwan a yi nesa da shi." Ta gutsura rabin sabulun ta ba shi. Ya soka a aljihu ya fita.

Sauran mazan suka ɗora Hamidu a kan asabari suka kai shi ɗakin shan magani na gari. A hanya fizgar ta dawo sau ɗaya, ba ta kai ta farko ba. Malamin asibitin ya saurari bayanin Raliya, ya karɓi takardar ajamin da ta zo da ita ya duba, ya tambaya ko an ba shi wani abu ya sha. Ta ce a'a. Ya tambaya ko an wanke shi. Ta ce sau uku.

"To, kin yi rabin aikin," in ji shi. Ya yi masa allura mai kwantar da jijiyoyi, ya ce a bar shi ya yi barci, in fizgar ta sake dawowa za a nemi mota zuwa Sakkwato.

Ba ta dawo ba. Da hantsin washegari Hamidu ya farka ya nemi ruwa, ya sha, ya zauna da kansa. Jikinsa duk ciwo kamar an yi masa duka, harshensa ya fashe inda ya cije, amma ya gane kowa, ya kira kowa da sunansa. Raliya, wadda tun jiya ba ta zubar da hawaye ba, ta fita bayan ɗakin ta zauna a gindin bishiyar bedi ta yi kukanta, ta wanke fuska ta dawo ta dama masa kunu.

A rana ta uku, bayan an sallamo shi, Ardo Almu ya zo gida. Hamidu ya yunƙura zai tashi, Ardo ya dafa shi ya zaunar.

"Telan nan ya iske mu maruƙa huɗu sun riga sun fara rawar jiki, miyau na zuba," in ji shi. "Muka yi ta wanki har la'asar. Ƙaramin cikinsu, wanda bai yi wata ba, bai kai yamma ba. Takwas sun tashi, jiya duk sun sha nono. Manyan ba abin da ya same su."

Hamidu ya sunkuyar da kai. "Ardo, ni na zuba. An hana ni, na zuba."

"Ni na roƙe ka. Ɗana ya nuna maka maruƙan. In za a raba laifi, namu ya fi yawa. Ka san abin da na gani yau da safe? Na ɗaga wutsiyar jar saniyata. Wasu sun zube, amma ga wasu nan zaune, lafiyarsu lau. Gwangwani uku. Ya kusa kashe ka, ita ko a jikinta. Na kira ɗiyana na nuna musu, na ce wanda ya sake cewa Hamidu na tsinka magani, ya zo ya faɗa gabana."

Ranar kasuwa Ardo ya maimaita wannan magana a rumfar dillalai, da ƙarfi, sau biyu. Daga nan zancen ya mutu.

Da Malam Mukhtari ya dawo daga rangadi, Hamidu bai jira ya ji a bakin wani ba. Ya same shi a ofis, ya ajiye mabuɗin a kan tebur, ya faɗa masa komai tun daga gwangwani na biyu har maraƙin da ya mutu. Malam ya saurara har ƙarshe. Ya yi masa faɗa, ba da hayaniya ba, amma sai da Hamidu ya ji da ma ƙasa ta tsage. Sannan ya jawo wata takarda daga cikin wasiƙun da suka taru.

"Amsar kwalbar nan ce. Sun gwada, sun ce kaskar ta saba da maganin. Duk feshin da aka yi, akwai 'yan kaɗan masu taurin rai da ke tsira. Su ne ke yin ƙwai, 'ya'yansu su gado su. Shekara uku muna kashe masu rauni muna bar wa masu ƙarfi fili. Ga kuma masu sayo kwalabe a kasuwa suna tsinkawa da ruwa don ya auku, suna shafa wa shanu abin da ba ya kisa. Ƙara ma'auni ba ya maganin wannan. Sai an canza magani gaba ɗaya, sun ce za a aiko da wani iri."

Ya tura masa mabuɗin. "Ɗauki. Wanda ya ɗanɗana ya fi wanda aka gaya wa kiyayewa. Kuma ka gaishe min da mai ɗakinka. Ka ce mata ban taɓa rubuta takardar da ta yi amfani kamar wannan ba."

Sabon maganin bai iso ba sai bayan kaka. A tsakanin nan Hamidu ya rataye famfo ya koma cirewa da hannu, ya kuma koya wa makiyaya da dama yadda ake murɗawa, har waɗanda a da suke ganin aikin ya yi musu ƙanƙanta. Da maganin ya zo, Malam ya sake rubuta wata takardar, don wannan ma guba ne, alamunsa kuma daban. Raliya ta karanta wa mijinta, ta kuma karanta wa matan unguwa a tsakar gidanta, Inna Hindatu na gaba tana tambaya a kan kowane layi. Feshin farko da aka yi da shi a garken Ardo ne, gwangwani ɗaya a garwa, kaska kuwa ta zube.

Hamidu ya ƙara shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki. Hannunsa na dama ya ɗan riƙa rawa na 'yan watanni, daga baya ya daina. Bai yarda a fesa kowane mako ba, sai in kaska ta yi yawa, in kaɗan ce a cire da hannu. Gwangwanin maganin da ya ƙare kuwa sai ya huda gindinsa da ƙusa ya binne, duk da mata masu ƙuli-ƙuli sun sha roƙonsa ya bar musu su zuba mai.

Wata rana, shekara biyu bayan ciwon, wani baƙon falke daga ƙetare ya tsaya a kansa yana haɗa magani a kara. Ya ga ya zuba gwangwani ɗaya ya rufe.

"Ɗan ƙara mana, maigida. Shanun nan tafiya mai nisa za su yi."

Hamidu bai ɗaga kai ba, ya ci gaba da motsawa da sandarsa. Wani dillali da ke zaune kusa ya jawo baƙon ta hannun riga ya zaunar da shi a kan buzu, ya miƙa masa goro.

"Zauna nan, Alhaji," ya ce. "Kafin ya gama in ba ka labari."